Awar da Kaka Ta Riƙe Mini

Jikwoyi, Abuja
Ranar Juma'a da hantsi

Murna 'yata,

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allahn da ya tsare ki tun kina cikina ya tsare fitarki gobe, ya tsare motar da za ki hau da hannun da zai riƙe sitiyarinta, ya sauke ki Jos lafiya, ya haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoronsa. Amin.

Na san za ki yi dariya, ki ce muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, me ya kawo wasiƙa? Ai kin san uwarki. Abin da hannuna yake iyawa bakina ba ya iyawa. Kin tafi kitso, babanki ya fita aiki, gidan ya yi tsit, daga ni sai akwatinki a tsakar ɗaki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanki, ko Fasto. Lokacin da babanki yake tsare a gidan yarin Kuje, na yi wata goma sha ɗaya ban yi wa Allah magana ba. Ko kalma ɗaya. Ni ɗin nan da ake nunawa a majami'a ana cewa ga matar da ta fito da mijinta da gwiwoyinta. Ba gwiwoyina ba ne, Murna. Na kakarki ne.

Ga abin da ya sa nake faɗa miki yau. Tun da aka binne Kaka bara nake lura da ke a sujadar safe. Kina rufe ido, leɓunanki suna motsi, amma babu abin da ke fita. In layi ya zo kanki sai ki ce maƙogwaronki na ciwo. Babanki ya yarda, har zuma ya sayo miki. Ni ban yarda ba, domin na san irin wannan ciwon maƙogwaro. Sannan ranar nan da muke wanki a bayan ɗaki kika ce mini, "Mama, ke dai ki riƙa yi mana. Ke Allah yana jin ki. Ni na roƙe shi a kan Kaka har muryata ta dushe, ko waiwayo ni bai yi ba." Kin tuna abin da na yi?  Na sunkuyar da kai na ci gaba da cuɗa rigar babanki. Ba na so ki bar gidan nan kina gaba da Allah saboda wata ƙarya da na bari ta tsaya da ƙafafunta shekara goma sha uku. Don haka ki yi haƙuri ki karanta kurakuraina, ɗaya bayan ɗaya.

Na fari ya girme ki. Ina da shekara goma sha tara na zo Masaka, kusa da Abuja, wurin goggona, ina taya ta a shagon ɗinki. Kamar ke nake sak, in baƙo ya gaishe ni sai in nemi inda zan sa idona. Littattafan soyayya kuwa, aro nake yi, in ɓoye a cikin yadin mutane, in Goggo ta juya baya in zaro. A cikin littattafan nan yarinya ba ta buɗe baki. Ta ɗaga ido kawai, saurayi ya karanta duk abin da ke zuciyarta. Na ɗauka haka duniya take.

Babanki a lokacin shi ke tuƙa bas ɗin majami'a ranar Lahadi. Wata takwas ina zama a kujerar da ke bayansa, ina kallon ƙeyarsa, ina jira ya gane. A raina har na zaɓi kalar ankon bikinmu. Shi bai ma san sunana ba. Wata Lahadi muna sauka, wata tsohuwa mai gasa masara a ƙofar majami'a ta yafito ni. Ban san mahaifiyarsa ce ba.

Ta ce, "Ke 'yar ɗinki, zo nan. Ƙeyar ɗana za ta huje. In kina son shi ki buɗe baki. Shi direba ne, gaba yake kallo."

Na so ƙasa ta tsage. Amma Lahadin da ta biyo baya na tattara duk ƙarfina na ce masa, "Ina kwana." Ya juyo ya ce, "Ashe kina magana?" Daga nan aka fara. Tun ranar kuma Kaka take kirana Amarya, kin dai ji ta, har ta koma ga Ubangiji ba ta canza ba.

Da na ɗauki darasin nan a kan babanki, ban ɗauka a kan Allah ba. Ina da wani littafin rubutu mai bango ruwan hoda, a ciki nake rubuta addu'o'ina. In zaɓi kalmomi masu daɗi, in goge, in sake, kamar mai rubuta wa saurayi. Abin da ke cina a rai kuwa, tsoro ko kishi ko haushi, ba na sa shi, wai bai dace a kai wa Allah ba, ai ya sani. E, ya sani. Amma ni ce ban san yadda ake yi masa magana ba in abu ya ɓaci, domin ban taɓa gwadawa ba. Ki koyi faɗa masa gaskiya tun a kan ƙananan abubuwa, 'yata. In malama ta ci miki fuska a gaban aji, ki faɗa masa yadda abin ya yi miki zafi, da irin maganar da za ki faɗa mini a kicin. In kika saba da shi a ƙaramin abu, ranar babba bakinki zai san hanya.

Kina da shekara uku babban ya zo. Babanki yana tuƙa wa wani kamfanin kayan gini mota. Rodi ya ɓace a wani kaya da ya kai, ogansu ya ce shi ne ya sace. Aka kama shi, aka kai kotu, aka ce beli sai an kawo babban ma'aikacin gwamnati mai gida a cikin gari. Mu wa muka sani? Aka wuce da shi Kuje ya jira shari'a. Kaka ta kwaso 'yan kayanta ta dawo ɗakinmu, ta kafa murhun masararta a bakin mahaɗar nan da kika sani. Duk Asabar sai mu goya ki mu hau mota uku kafin mu isa, kular abinci a cinyata.

A nan na yi kuskure na biyu. Lauya ya ce mana zama na uku za a sallame shi, ba su da shaida. Sai na ɗauki ranar na kai wa Allah kamar mai ba tela ranar karɓar kaya. Na yi azumin kwana uku. Na rubuta addu'a shafi huɗu, mafi kyau da na taɓa yi. Na ɗinka mana riga iri ɗaya, ni da shi da ke. Da asuba na dafa gwaten acca, abin da ya fi so, na rufe na bari a kan murhu. A hanya ina ta tsara yadda zai fito, yadda zai ɗaga ki sama, yadda zan ɓoye fuskata a kafaɗarsa mutane na kallo.

Alƙali bai ma zauna ba. Wani ya leƙo ya ce an ɗage, sai bayan wata biyu. Na hango babanki ana tura shi cikin mota, ya ga rigar jikinmu, ya ga tasa rigar a leda a hannuna, ya yi ƙoƙarin yin murmushi.

Kaka ta tsaya a harabar kotun, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗaga kai sama ta ce, "To, Baba, mun ji. Sai mun sake dawowa." Kamar tana yi wa maƙwabci sallama. A mota ta ba ni labarin da Yesu ya bayar, na gwauruwar da ta yi ta zuwa wurin wani alƙali marar tsoron Allah, yau ta zo, gobe ta zo, har ya gaji ya bi mata hakkinta. Kin san Kaka ba ta iya karatu ba, amma duk abin da ta ji an karanta a majami'a ya zauna. Ta ce, "Amarya, ni gwauruwa ce tun tuni, wannan aikin nawa ne. Mugu ma ya gaji ya saurara, balle Uban da yake ƙaunarmu."

 Da muka iso gida na raba wa maƙwabta gwaten, na tura littafin nan ruwan hoda ƙarƙashin katifa. Na yi abin da 'yan matan littafi suke yi in an ɓata musu: na juya baya, ina jira a zo a ba ni haƙuri.

Kada ki yanka wa Allah rana, Murna. Ki roƙe shi da dukan zuciyarki, ki faɗa masa kina so yau, ba laifi ba ne. Amma in yau ta wuce, ki gyara ɗaurin zaninki ki ce sai kin sake dawowa. Ni da Kaka addu'a ɗaya muka yi, amsa ɗaya muka samu. Bambancin kawai, ita washegari ta koma.

Na uku shi ne wanda ya fi mini wuyar faɗa. Makon da ya biyo baya matan zumuntar majami'armu suka ƙulla wa babanki sarƙar addu'a. Ke ba ki taɓa ganin irinta ba, bari in gaya miki yadda take. Mata goma sha biyu, daga shida na safe zuwa shida na yamma, kowace ta ɗauki awa guda kullum. Duk inda kike, in awarki ta yi sai ki durƙusa. In kin gama sai ki yi wa ta gaba da ke filashin a waya, ita kuma ta ɗauka daga nan, don kada addu'ar ta taɓa ƙasa har rana ta faɗi. Kaka ta ɗauki ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Aka ba ni biyu zuwa uku. Bayana sai Maman Dauda, mai share ofis a cikin gari.

Matan nan, Murna! Ba ɗansu ba ne, ba mijinsu ba. Maman Dauda a ɗakin ajiye tsintsiya take shiga ta kulle, ta durƙusa a tsakanin bokitai. Wata a ƙarƙashin teburin tumaturinta a kasuwa. Ni kuwa, matar mutumin, ƙarfe biyu na yi wayata za ta yi ƙara sau ɗaya, in ga sunan Kaka. Sai in kwantar da ke, in jawo littafin soyayya in kishingiɗa. Ƙarfe uku daidai in yi wa Maman Dauda filashin. Kullum. Ranar Alhamis a zumunta su rungume ni su ce, "Sannu da gwiwa, Maman Murna," in ce, "Yauwa, sannunmu."

Da farko nakan ce gobe zan fara. Daga baya kunya ta hau kan fushin, ta fi shi nauyi. Na ga kamar ko na dawo, da wace fuska?

Wanda ya tona abin bai ma san ya tona ba. Malam Isa ne, mai lemun da teburinsa ke kusa da murhun Kaka, mutumin wajen Katsina. Wata rana da yamma na je karɓo gawayi, Kaka ta zaga, sai ya ce, "Maman Murna, don Allah ki yi wa tsohuwa magana. Ni kunyarta nake ji."

Na ce, "Lafiya, Malam?"

Ya ce, "Lafiya lau. Da dai mun yi tsari da ita. Ƙarfe ɗaya ta tafi addu'arta in juya mata masara, ƙarfe biyu ta dawo ta tsare mini lemu in je azahar. To wata da watanni ke nan sai uku take dawowa. Azahar ɗina tana neman haɗuwa da la'asar. Addu'arta tana cinye tawa, kin ga kuwa kowa da Mai jiransa."

Ya yi dariya. Ni na ɗauki gawayina na koma gida.

Washegari da wayata ta yi ƙara ƙarfe biyu, na bar ki wurin maƙwabciya na fita. Malam Isa ya nuna mini wani kangon gini a bayan mahaɗar, wanda aka kai linta aka bari. Tun kafin in shiga na ji muryarta. Ba irin addu'ar da na sani ba ce. Kuka ne, da ihu, da faɗa. Na leƙa. Tana durƙushe a kan buhun masara, ta dafa bulo da hannu biyu, ɗankwalinta ya zame, hawaye da majina sun haɗu, ba ta ma share ba.

"Har yaushe, Baba? Kana gani ko ba ka gani? Yaron nan bai ɗauki ƙarfen kowa ba, kai ka sani! Ba zan tafi ba. Jiya na zo, yau na zo, gobe ma za ka gan ni!"

Tsoro ya kama ni, na ce yanzu ginin nan zai rufto mata. Ashe ana yi wa Allah magana haka? Sai ta numfasa, muryarta ta sauko, ta ce:

"Yanzu kuma awar Amarya ce. Bakinta ya rufe, Baba, kada ka yi fushi da ita, yarinya ce, ta ji ciwo. Ni na riƙe mata. Ka karɓa kamar daga bakinta, har ranar da za ta zo da kanta."

Ban san lokacin da na shiga ba. Ta buɗe ido ta gan ni. Ba ta yi mamaki ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta matsa gefe ɗaya a kan buhun, ta bubbuga wurin da ta bari. Na durƙusa. Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Ta ce, "Faɗa masa."

Na ce, "Mama, ba ni da wata magana mai kyau."

Ta ce, "Wa ya ce miki mai kyau yake nema? Faɗa masa marar kyaun."

Kin san abin da uwarki ta fara faɗa wa Mahaliccin sama da ƙasa bayan wata goma sha ɗaya? Ni mai shafi huɗu? Na kwarma ihu na ce, "Na dafa gwate! Ubangiji, na dafa gwate, na ɗinka riga, ka ba ni kunya!"

Kaka ta ce, "Yauwa. Ci gaba, yana ji."

Na ci gaba. Na faɗa masa na gaji da mota uku. Na faɗa masa ina tsoron babanki zai mutu a can, ina jin haushin matan da mazansu ke dawowa da yamma da burodi a hannu, na yaudari matan zumunta, ban san ko har yanzu yana so na ba. Ban ji wata murya daga sama ba, kada in ƙara miki gishiri. Amma wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar kotu ya sauka, kuma na san ba bulo nake yi wa magana ba. Da uku ta yi, Kaka ta ce, "Yi wa Maman Dauda filashin." Ranar ce ta farko da na danna lambar nan ba tare da na ji kamar ɓarauniya ba.

A hanya na tambaye ta yadda ta sani. Ta ce, "Macen da ta yi awa guda a gaban Allah saboda mijinta, idonta yana nunawa. Naki idon na mai karatu ne." Ta kai wa Malam Isa masara uku ta ba shi haƙuri. Daga ranar, ƙarfe biyu muke musaya a ƙofar kangon, ita ta fito ta je tsaron lemu, ni in shiga in hau buhu.

Ga shawarata a nan, kuma da a ce ɗaya kawai za ki riƙe, ita ce wannan. In kina fushi da Allah, ki kai masa fushin. Kada ki kai shi ɗaki ki rufe ƙofa. Ba ya tsoron ihunki. Makahon nan da ya ji Yesu na wucewa, mutane suka ce ya yi shiru, ai ƙara ɗaga murya ya yi, kuma ihun ne ya tsayar da Yesu a hanya. Sannan in bakinki ya rufe gaba ɗaya, ki faɗa wa wani mai bi. Ba abin kunya ba ne a riƙe miki. Abin kunyar shi ne wanda na yi, in riƙa amsa sannu da gwiwa.

Kada ki ɗauka washegari aka sako babanki. Wata takwas muka ƙara. An ɗage sau uku a ciki. Akwai ranakun da awa guda cur ba abin da nake maimaitawa sai "Ka taimake mu, ka taimake mu," kamar yaro mai bin uwarsa a kasuwa. Akwai ranar da barci ya ɗauke ni a kan buhun. Amma ban sake fashi ba. A ƙarshe mutanen kamfanin suka daina zuwa kotu, alƙali ya kori ƙarar. Ranar ko wuta ban hura ba, da silifas na je. Babanki ya dawo gida a rame, garin rogo muka jiƙa masa da ƙuli, ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba.

Na huɗu kin riga kin san rabinsa. Lahadin godiya Fasto ya tsayar da ni a gaban jama'a ya ce, "Ga macen da ba ta saki Allah ba kusan shekara biyu." Majami'a ta ɗauki tafi. Na nemi fuskar Kaka, na ga ita ce ma ta fi kowa guɗa. Da muka fito na ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Wata takwas kin yi, naki ne. Sauran tsakanina da Babana ne." Ita ta rufa mini asiri don ƙauna. Ni kuma na lulluɓa da shi don daɗin suna. Na bari kika girma kina ganin akwai waɗanda aka haifa da kunnen Allah a hannunsu, irin mamanki, da kuma sauran mutane, irinki. Babu wannan rabon, Murna. Akwai dai masu komawa. Kada ki karɓi yabon da zai sa wani ya raina tasa addu'ar.

Yanzu maganar Kaka. Ba zan ce miki na san dalilin da ya sa Allah bai tashe ta ba. Ban sani ba. Ni ma na roƙa, na yi ihun da ta koya mini. Abin da na sani shi ne Yesu kansa, a lambu, sau uku ya roƙi a ɗauke masa abin da ke gabansa, ba a ɗauke ba, kuma bai daina kiransa Uba ba. Ba a yi watsi da shi ba, kin san abin da ya faru a rana ta uku. Ba a yi watsi da ke ba.

Akwai kuma saƙon da na riƙe miki. A asibiti, ranar da kika durƙusa a gefen gadonta kina kuka kina roƙo, kin ɗauka barci take yi. Tana ji. Da kika fita ɗebo ruwa ta kama hannuna ta ce, "Amarya, yarinyar nan tana da murya. Kada ki bari ta haɗiye ta kamar yadda kika yi." Shekara guda ke nan ina kallo kina haɗiyewa, na kasa magana, domin in na yi sai na faɗi nawa. Ki yafe mini.

In kin isa makaranta ki nemi kangonki. Ko bayan ɗakin kwana ne, ko gindin wata bishiya, inda za ki ɗaga murya ba mai cewa kin haukace. Ki shiga zumuntar ɗalibai ko da a kujerar baya za ki zauna. Aikin jinya da za ki koya zai sa ki ga waɗanda aka yi wa addu'a suka tashi da waɗanda aka yi wa ba su tashi ba, wani lokaci a gado biyu da ke jere. Za ki buƙaci wurin da za ki kai wannan. Littattafan nan uku da kika ɓoye a ƙarƙashin tawul na gani, ban cire ba, na ma ƙara miki ɗaya daga cikin nawa. In kuma wata ƙeya ta burge ki, kin dai ji abin da Kaka ta ce, amma ki fara gaya mini.

Daga gobe, ƙarfe biyu zuwa uku naki ne, ni zan riƙe miki. Kin san a shago ba mai zuwa gwajin kaya da tsakar rana, zan sakaya ƙofa. Uku na yi za ki ga filashin ɗina. Kada ki kira, ba sai kin ce komai ba. Ranar da bakinki ya buɗe, ko da abin da ya fito shi ne "Ka ɗauke mini Kaka, ka ba ni haushi," ki mayar mini da filashin ɗin, zan gane. Ban yanka miki rana ba. Ko wata goma sha ɗaya ne, an taɓa jira na.

Ubangiji ya tsare ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga mugun abota da ciwo da tsoro. Ya ba ki kan karatu da hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya. Ya dawo mana da ke lafiya, da muryarki. A cikin sunan Yesu, amin.

Mamanki mai ƙaunarki,
Rahila

Da niyyata in tura takardar nan can ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, ki gan ta bayan sati biyu kina Jos, inda ba sai na kalli idonki ba. Har na ɗaga zannuwan. Sai na ga wannan ma kallon ƙeya ne. Ga shi ina jin muryarki a ƙofar gida kina gaida maƙwabciyarmu Maman Blessing, kitson ya ƙare ke nan. Na ninke ta. A hannunki zan sa, in zauna a bakin gado har ki gama karantawa.